Allurar Nafisa Ta Tsaya

Madabo, cikin birnin Kano.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan ka sauka Gembu lafiya, kuma hawan tsaunukan nan da ake ta ba mu tsoro da su bai juya maka ciki ba. Allah ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka gama bautar ƙasar nan ka dawo mana da ƙafarka. Mu nan lafiya lau. Ba labarin gida na zauna ba ka ba, wannan ƙannenka sun ishe ka da shi a waya.

Na san za ka ce me ya hana Umma ta kira ni, ta tsaya rubuta takarda kamar mutanen da. Na gwada. Da na ji muryarka sai in tambaye ka ko ka ci abinci, ka ce ka ci, in ce madalla, shi ke nan maganar ta maƙale a wuya. Kai ne ɗan fari, ga shi sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Tun da aka haife ka har ka tafi ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa yabonka a gaban idonka ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi, kuma ban ce laifi ba ne. Amma wannan karon kunyar ta yi mini ɓarna, dole in gyara, shi ya sa na koma ga alƙalami tunda shi ba ya sunkuyar da kai.

Ana jibi za ka tafi ka shigo ɗakina da labarin nan da ka rubuta wa yara, na Zainabu da kakanta makaho. Ka ce in karanta in faɗa maka gaskiya, tunda rubuta wa yara littafi shi ne aikina tun kafin ka iya tafiya. Na karanta. Da ka dawo jin amsa sai na ce, "To, ba laifi. Sai dai ƙarshen yana son gyara." Ka tsaya kana jiran ƙari, ni kuwa na ci gaba da tsintar shinkafata. Ranar tafiyarka ka ajiye takardun a kan gadona ka ce, "Umma, ga su nan, in an rasa abin kunna gawayi sa yi amfani. Ni dai na gane rubutu ba hanyata ba ce." Ka yi dariya. Ni na haife ka, na san dariyarka ta gaske, wannan ba ita ba ce.

To abin da ya sa na rubuto ke nan. Ba na so ka ajiye alƙalami saboda maganar da na yi ina tsintar shinkafa. Amma kafin in faɗa maka abin da ya faru da takardunka, sai ka yi haƙuri ka ji irin tuntuɓen da na yi ta yi a wannan aikin, don ka san wadda ta yanke maka hukunci ba ta fi ƙarfin kuskure ba.

Ka tashi kana ganin 'yan matan unguwa suna taruwa a tsakar gidanmu ranar Alhamis bayan la'asar, da yake babu Islamiyya, kowacce da hular da take ɗinki, ni kuma ina tsakiya ina karanta musu abin da na rubuta. Kai ka ɗauka hira ce ta mata, sai ka ɗauki ƙwallonka ka fice. Ban taɓa gaya maka abin da nake kallo ba. Ba fuskarsu nake kallo ba, allurarsu nake kallo. Yarinya za ta ce maka labari ya yi daɗi don tana ganin girmanka, ko don tana sa ran alewa. Hannunta bai iya wannan ladabin ba. In labari bai kama ta ba, allura tana shiga tana fita kamar ba a magana. In ya kama ta, sai ka ga zaren ya tsaya a sama, ita kanta ba ta sani ba. Duk littafin da ka ga an buga da sunana, sai da ya bi ta tsakar gidan nan. Inda allura ta yi ta tafiya, nan nake yankewa.

Ba da dabarata na gano wannan ba, wahala ce ta koya mini. Lokacin da na fara rubutu ina koyarwa ne a firamaren nan ta wajen Ƙofar Mazugal, kuma da halin aji na shigo cikin labari. Duk yaron da ya yi rashin ji a littafina na farko, sai na jefa shi rijiya, ko in sa kunama ta harbe shi, ko ya faɗo daga bishiya ya karye. Babanku har tsokanata yake, wai da yaran littafina na gaske ne da an buɗe musu asibiti nasu na kansu. Kuma kowane labari sai na rufe shi da "don haka yara", in jero musu darasi kamar mai rabon magani. Da na fara karanta wa 'yan matan, sai na lura da wani abu da ya ba ni haushi. Duk lokacin da yaron labarin yake lallaɓawa zai haura katanga, allura sai ta tsaya. Da na ce "don haka", kafin in rufe baki duk sun koma ɗinki. Wata ma, wadda yanzu 'ya'yanta ne suke zuwa, ta ce mini, "Malama, nan wajen ai mun san shi, ki wuce na gaba." Na ji kamar in kore ta. Na kwana biyu ina fushi da 'yar mutane, sannan na yarda ta fi ni gaskiya.

Don haka, ka ga ni ma har yanzu kalmar ba ta sake ni ba, ka yarda da yara. Suna da uwa, suna da uba, suna da malamin Islamiyya da na boko, kowa tun asuba yana gaya musu abin da za su yi. In suka zo wurinka, labari suka zo ji. Ka ba su shi cikakke, ka bar su su tauna da haƙoransu.

Da na bar wa'azi sai na faɗa wani ramin. Ka san kakanka, mai sunanka, malami ne da ake ɗaukar karatu a soronsa, kuma a Madabo in ba ka da ilimi ko gaisuwarka ba ta nauyi. Abin yana ci mini rai a ce 'yar Malam ta ƙare a tatsuniya. Sai na ce bari in nuna musu ni ma na zauna gaban allo. Na rubuta wani littafi na cika shi da manyan kalmomi, Larabci nan, tsohuwar Hausa can, jimla ɗaya sai mutum ya numfasa sau biyu kafin ya kai ƙarshenta. Na kai wa Baba ina jiran yabo. Ya sa tabarau ya karanta tsaf, sannan ya ɗago ya ce, "Rabi, wannan wa kika rubuta wa?"

Na ce, "Yara, Baba."

Ya ce, "To ni dai na gane, na kuma ji daɗi. Sai dai ni na daɗe da barin yarinta. Ki kai wa masu shi, in sun karɓa ki dawo ki gaya mini."

Ban koma ba, don masu shi ba su karɓa ba. Ranar da na karanta shi, hula ta ci gaba sosai a gidan nan, iyayensu ma sai da suka ji daɗina. Kai ma wannan jarabar za ta zo maka. Za ka so abokanka na jami'a su ce ka iya, za ka so malamanka su jinjina maka. Ka tuna ba su ne masu shi ba. Ni ma kada ka rubuta don ni. Ka zaɓi yaro guda a ranka, wanda ka san yadda yake zama da yadda yake hamma, ka yi magana da shi.

Tuntuɓe na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini, don a kanka na yi shi. Kana aji uku ko huɗu ka kawo mini wani labari a takardar da ka yago daga littafin lissafi. Wai wani takalmi ne aka yi wa musaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a, aka tafi da ɗan'uwansa, shi kuma aka haɗa shi da baƙon takalmi suka tafi gidan da bai sani ba. Ka tsaya a inda baƙon takalmin ya fara yi masa magana a ƙarƙashin gado. Ni kuwa na ɗauko jan biro. Na gyara maka ƙa da ɗa, na sa aya inda babu, na ja layi ƙarƙashin kalmomi, har na rubuta maka a ƙasa cewa ya kamata wanda ya ɗauki takalmin ya dawo da shi ya ba da haƙuri. Na miƙa maka ina ganin na yi aikin uwa. Ka kalli jan nan, ka ninke takardar, ka sa a aljihu, ka bi yara kuka tafi hawan Goron Dutse. Daga ranar ban sake ganin labarinka ba sai wannan na Zainabu. Kuma har yau ban san abin da baƙon takalmin nan ya ce ba, don ban tambaya ba.

Haka na yi maka da karatu. In na ba ka littafi, kafin ka rufe shi na tare ka da "me ka koya?" Sai da ka kai kana ganin littafi kamar kwanon magani. Allah ya taimake ni ka gano akwatin tsofaffin littattafan Babanku, kana ɗauka kana karantawa a saman bene ba tare da na sani ba. A zatonka ke nan. Na sani sarai, na dai koyi yin shiru ne, kuma shirun nan yana cikin abubuwan kirki kaɗan da na yi wa karatunka.

Yanzu ga shi an ba ka aji a Gembu. Wata rana wani yaro zai kawo maka takarda a yamutse, rubutun kamar kaza ta bi ta kai. Ka bar jan biron a aljihu. Ka karanta, ka dube shi ka ce, "Sai me ya faru?" Aya da waƙafi ba za su gudu ba, ko baɗi ka koya masa. In kuma ka ba su littafi, kada ka tsaya a kansu. Ka bar su su karanta wanda suke so, su tsallake shafi, su koma baya, su karanta guda ɗaya sau goma in sun ga dama.

Ka kuma buɗe kunnenka a garin nan. Ni mafi yawan maganganun da aka yaba a littattafaina ba nawa ba ne, a layin markaɗe na tsince su, da wajen kitso, da bakin masu talla. Kai wannan ba sai na koya maka ba. Da nake karanta maganar kakan Zainabu, sai da na ajiye takardar, don muryar tsofaffin maginan nan na ji, waɗanda kake zuwa ka tsuguna wajensu kana yaro in suna cuɗa ƙasa, ina aika a kira ka kana ƙi. Ina yi maka faɗa kana ɓata kaya da taɓo, ashe aiki kake.

To, bari in zo kan takardunka.

Ban kunna gawayi da su ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, bayan tafiyarka ma ina nan kan bakana cewa ƙarshen yana son gyara. Ka duba abin da ka rubuta. Kakan Zainabu magini ne da ya makance, abin alfaharinsa a duniya wani soro ne da ya gina da hannunsa yana saurayi. An rushe soron an yi shaguna na bulo, ba wanda ya iya gaya masa. Kullum ya tambayi Zainabu, mai yi masa jagora, sai ta ce yana nan daram. Ran nan ya ce ta kai shi ya taɓa. Ta kai shi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan siminti. Ya shafa shi a hankali. Sannan ya ce, "Zainabu, idona ba ya gani. Faɗa mini zanen da ke saman ƙofar." Ita kuma ta shiga faɗa masa, daga abin da shi da kansa ya sha ba ta labari, yana gyara mata inda ta kauce, har suka juya suka kama hanyar gida. A nan ka tsayar da labarin.

Ni kuwa malamar firamaren nan da ke cikina ta miƙe tsaye. Yarinya ta yi ƙarya, ba a kama ta ba, ba ta tuba ba, a ba yara wannan? Sai na zauna na rubuta shafi guda na ƙara a baya, inda Zainabu ta durƙusa ta faɗi gaskiya, kakan ya yafe mata ya yi mata nasiha. Na yi shi da kyau, don na iya. Na ce ranar Alhamis zan karanta wa 'yan matan duka, in ga inda naka ya yi rauni, in aiko maka da gyara.

A cikin masu zuwa yanzu akwai Nafisa, 'yar gidan Alhaji mai goro, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Duk unguwar nan ba wadda ta kai ta hannu a ɗinkin hula, ba kuma wadda ta kai ta taurin kai wajen sauraro. Littattafaina na baya-bayan nan duk ta ji su, allurarta ba ta taɓa tsayawa ba ko sau ɗaya. In na tambaye ta sai ta ce, "Ya yi daɗi, Malama," idonta na kan zare. Na sha gaya wa Babanku cewa yarinyar nan ita ce jarrabawata, kafin in mutu sai na tsayar da hannunta.

Ranar suka zo kamar kullum, suka baje a tabarma. Ban ce musu ga wanda ya rubuta ba, na dai fara. Da farko allura na tafiya. Da Zainabu ta yi ƙaryar farko, biyu suka tsaya. Da kakan ya ce a kai shi ya taɓa, sai na ga sauran suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya, wata ƙarama har ta ce a hankali, "Kar ta kai shi." Ina karantawa ina satar kallon Nafisa, hannunta na aiki. Sai na zo inda tsohon ya ɗora tafinsa a kan siminti. Na ɗaga ido. Allurar Nafisa tana sama, zaren a miƙe, bakinta a ɗan buɗe. Haka ta zauna har Zainabu ta gama faɗin zanen ƙofa, har suka juya gida. Tsakar gidan nan ko tari babu, sai kukan tantabarun maƙwabta.

Abba, a nan ya kamata in rufe. Amma ka san uwarka. Na juya shafina na fara, "Da suka isa gida, sai Zainabu ta durƙusa gaban kakanta." Ban kai ƙarshen layi na biyu ba na ji motsi. Duk sun sunkuya sun koma ɗinki, har da ƙaramar nan. Shekara da shekaru ina yanke wa kaina hukunci da allurar nan, ban taɓa ganin ta yi magana a fili kamar ranar ba. Na tsaya na ninke shafin.

Sai gardama ta kaure a tsakaninsu. Wata ta ce ai Zainabu ba ta kyauta ba, da ta faɗa masa tun farko da bai sha wahalar zuwa ba. Wata ta ce to in ta faɗa masa ya kwanta ciwo fa. Wata ta ce ai kakan ya sani, magini ne, yaya za a yi ya taɓa siminti ya ce ƙasa ce. Aka ce to in ya sani, don me ya tambaye ta zanen? Suka yi ta yi, har sai da aka fara aiko yara kiransu don magariba ta gabato. Ni ina zaune ina jinsu. Duk shekarun da na yi ina ɗura wa yara darasi a kan gaskiya da ƙarya, ban taɓa sa su sun yi tunani a kai kamar yadda ka sa su da yammar nan ba, kai da ba ka ce musu komai ba.

Nafisa ba ta sa baki a gardamar ba. Da za su tashi sai ta dube ni ta ce, "Malama, ba ke kika rubuta wannan ba."

Na ce, "Me kika gani?"

Ta ce, "Ke da kin sa an kama ta. Na ƙarshen nan ne naki."

Yarinyar nan ba ta da kara ko kaɗan. Na ce haka ne. Ta ce, "To wa ya rubuta?"

Na ce, "Wani yaro ne."

"Wane yaro? Ba shi da suna?"

Duk suka tsaya da hulunansu a hannu suna jira. Na ga in na ce Abba, a unguwar nan kowane gida da Abbansa. Kuma marubuci da sunansa ake saninsa, wannan haƙƙinsa ne, ba a yi masa kara a kai. Sai na ce ɗana ne, na faɗi sunanka na yanka, da bakina, a tsakar gida, ƙannenka suna ji. Babanku yana alwala a bakin rariya, sai da ya juyo da buta a hannu. Har muka kwanta yana murmushi yana ce mini wai yau an ga abin da ba a taɓa gani ba.

Ina alfahari da kai. Ga shi na rubuta, ka karanta sau nawa kake so. Abin da na yi shekaru ina nema a hannun yarinyar nan, kai ka same shi da labarinka na farko da ta ji, kuma wallahi ban ji ƙyashi ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Maganar da na yi maka ina tsintar shinkafa, rabinta kunya ce, rabinta kuskure. "Ba laifi" ɗin nan ƙarya ce irin ta Zainabu, sai dai tawa ba ta yi wa kowa amfani ba. Ƙarshen labarinka ba ya son gyara. Akwai wurare biyu a tsakiya da allura ta ɗan motsa, wajen bayanin kasuwa da wajen da ka tsaya lissafa dangin Zainabu, na sa maka alama da fensir, ba da jan biro ba. In ka ga dama ka rage, in ba ka gani ba kai ne mai shi.

Kada kuma wannan ya kumbura maka kai. Labari na biyu zai iya zuwa ya ƙi, na uku ma haka, allura ta yi ta tafiya kana karatu kana jin kamar ƙasa ta tsage ka shige. Ni ya same ni ba adadi. In ya same ka, ka yanke, ka sake, kada ka ce hanyar ce ba taka ba. Kada ka jira sai ka sami ɗaki shiru da tebur mai kyau, ni a kan tabarma na yi nawa, tukunya na kan wuta, ɗaya daga cikinku yana goye. Ka kuma nemi naka ma'aunin a can. Ban sani ba ko 'yan matan Gembu suna ɗinkin hula, amma duk inda yara suke akwai abin da hannunsu yake yi. Ka gano shi, ka riƙa kallonsa.

Za ka ga wasiƙar nan ta yi jinkiri. Hula na tsaya jira. Ranar nan, da Nafisa ta koma ɗinki lokacin da na fara karanta shafina, hankalinta bai dawo ba, yana can wajen tsohon da katangarsa. Ta ɗauki shuɗin zare ta yi ta ɗinki a gidan zanen da ya kamata ta sa fari, sai da ta ci kusan faɗin yatsa kafin ta farga. Ta ɓata rai, ta ce tunda take ba ta taɓa irin wannan shirmen ba, za ta warware. Na riƙe hannunta na ce kada ta taɓa, ta ƙarasa ta a haka, ni nake so. Na je har gida na gaya wa uwarta. Jiya ta gama, na aika aka wanke aka ɗora ta a kan gungume ta yi tsaye. Ita ce a cikin ledar nan tare da takardunka, direban motar Jalingo da Babanku ya sani zai miƙa wa wanda zai hawo muku da ita.

Ka duba gefe ɗaya za ka ga shuɗi a tsakiyar fari. Duk wanda ya san hula zai ce an yi kuskure. Ka bar su su ce. Ni an yi mini sharhi a jarida, an kira ni taro an ba ni takardar yabo, amma ba wanda ya taɓa ba ni irin wannan. Ka sa ta ranar Juma'a, ka juyo shuɗin gaba. Duk ranar da zuciyarka ta ce maka ba ka iya ba, ka cire ta ka duba.

Gawayin ma an kunna shi, kada ka ce ban bi umarninka ba. Da shafina na kunna, ya kuma kama da kyau.

Saura abu ɗaya da nake nema a wurinka. In ka sami sarari, ka rubuto mini abin da baƙon takalmin nan ya ce a ƙarƙashin gado. Na makara da tambaya, amma ina so in ji.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka sa rigar sanyi ko da kana ganin ba ka ji, ka girmama mutanen da ka tarar, ka ci abincinsu kada ka yi musu yanga. Babanku yana sa maka albarka. Nafisa ta ce in tambaye ka yaushe za a kawo na gaba, wai ta sayi sabon zare. Allah ya kare ka daga sharrin hanya da na dare da na rana, ya tsare maka lafiyarka da imaninka, ya sa albarka a hannunka da abin da zai rubuta, ya dawo mini da kai lafiya.

Allah ya yi maka albarka, Sulaimanu.

Mahaifiyarka,
Umma.